Ranar da Had Dis Ɗin Ƙungiyarmu Ya Yi Shiru: Darasi Kan Rawuta da Ma'adanar Bayanai



Waɗanda suka saba tsayawa a nan sun lura cewa fitowar da ta gabata ba ta zo da hotunan gasar wasannin gidaje ba, alhali mun yi alkawari. Wasu sun tare mu a bakin aji suna cewa lalaci ne. Wasu kuma suka ce ɓoyewa muka yi saboda gidan editanmu ne ya zo na ƙarshe. Gaskiyar magana ita ce had dis ɗin ƙungiya ne ya mutu, ya kuma tafi da aikin shekara uku: hotunan bikin yaye ɗalibai, hirarrakin da muka ɗauka da malamai biyu da suka yi ritaya, duk rubuce-rubucen da aka taɓa liƙawa a wannan allo, da tarin tambayoyin WAEC da NECO na shekarun baya da 'yan aji shida suka ba mu ajiya.

Abin bai ɗauki daƙiƙa biyu ba. An jona shi a jikin laftof ɗin uban ƙungiya ana kwafar hotuna, ɗaya daga cikinmu ya zo wucewa, ƙafarsa ta harɗe wayar, had dis ya faɗo daga kan benci zuwa siminti. Ba za mu faɗi wanda ya yi ba, domin laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, kamar yadda za ku gani. Da muka sake jonawa, sai muka ji yana ƙas, ƙas, ƙas, kwamfuta kuwa ko alamar ganinsa ba ta yi ba. Washegari uban ƙungiya ya haye gada da shi zuwa wajen wani mai gyara a cikin gari. Mutumin ya kara shi a kunne, ya girgiza kai, ya ce, "Malam, wannan ba aikin soda ba ne. Sai dai masu ɗaki na musamman da ƙura ba ta shiga, kuma kuɗin da za su nema zai sayi wata laftof ɗin."

Da Malam ya dawo bai yi mana faɗa ba. Aiki ya ba mu. Ya ce tunda mu 'yan jarida ne, mu zagaya mu tambayi masu irin waɗannan kaya abin da suka gani, mu haɗa da abin da littattafai suka ce, mu rubuta. Mun shafe mako biyu muna hira da ɗalibai da malamai da wasu iyaye a Kakuri, Makera, Barnawa, Nasarawa, Television da Sabon Tasha. Duk inda muka tayar da zancen had dis sai zancen rawuta ya biyo, domin gidan da ke da ɗaya galibi yana da ɗayar: rawuta ce ke shigo da kaya daga intanet, had dis ko filash ke adana su. Shi ya sa muka haɗa su a darasi ɗaya.

Rawuta: tafiya ce mai zango biyu

Yawancin gidajen da muka shiga rawuta mai cin layin waya suke amfani da ita, ko dai ƙaramar nan ta aljihu da ake kira MiFi, ko babba mai eriya da ake ɗorawa a kan teburi. Ƙalilan ne aka ja musu wayar intanet har gida, ko suke da faifan Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023.

Ƙorafin da muka fi ji shi ne: "Sandunan waifai a cike suke, amma shafi ya ƙi buɗewa." Amsar tana cikin fahimtar cewa saƙo zango biyu yake yi kafin ya iso wayarka. Zangon farko daga turken sabis na kamfanin waya zuwa rawuta. Zango na biyu daga rawuta zuwa wayarka, kuma wannan na biyun kaɗai ake kira waifai. Sandunan da kake gani a saman waya labarin zango na biyu kawai suke ba ka, wato kana kusa da rawutar. Ba su san ko data ta ƙare ba, ba su san ko turken unguwarku ya cika da jama'a bayan sallar isha'i ba. Wani lokaci ma matsalar ta wuce Kaduna gaba ɗaya. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace a yankin gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a Najeriya da ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har harkokin bankuna suka taɓu. Wani malaminmu ya ce a ranar ya kashe rawutarsa ya kunna har ya gaji, yana tsine wa wanda ya sayar masa.

Shi waifai igiyar rediyo ce, 'yar uwar wadda ke kawo mana shirye-shiryen gidan rediyo, sai dai zangonta gajere ne. An fitar da ƙa'idarsa ta farko a 1997, sunan da muka san shi da shi kuma ya fito a 1999. Rawutocin gida suna aiki ne a mita biyu, gigahaz 2.4 da gigahaz 5. 'Yan ajin kimiyya ga aiki: ku raba gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, da sau biliyan 2.4, za ku sami tsawon zangon igiyar, kimanin santimita 12.5. Na gigahaz 5 kuwa wajen santimita 6 ne. A aikace, 2.4 ta fi nisan tafiya da ratsa bango, amma cunkoso ya yi mata yawa domin rawutocin maƙwabta da Bluetooth duk a nan suke. Ita 5 ta fi sauri amma bango biyu sun isa su galabaitar da ita. A nan mu gyara wani kuskure da muka ji a bakin mutane da yawa: in ka ga sunan waifai ya ƙare da 5G, sau da yawa gigahaz 5 ɗin nan ake nufi, ba sabis ɗin 5G da MTN ta fara a Najeriya a 2022 ba. Kama ce kawai ta rubutu.

Abokan gabar wannan igiya uku ne, kuma duk muna da su a gidajenmu: ƙarfe, kankare da ruwa. Wata 'yar aji biyar daga Kakuri ta ba mu labarin da ya ba mu dariya. Mahaifinta ya gaji da ƙannenta masu taɓa rawuta, sai ya saka ta cikin durowar ƙarfe ya kulle, ya fito da wayar wuta ta wani ɗan rami. Daga ranar sabis ya mutu a gidan, har aka fara zargin kamfanin. Yayanta ne ya ce, "Baba, a gwada fito da ita mu gani." Aka ɗora ta a saman durowar, komai ya dawo. A wani gida a Barnawa mun tarar da ita a ƙasa bayan talabijin, a kusurwar falo, ɗakin yara kuma yana can bayan bango uku. A wani gidan haya a Makera kuwa manyan durom biyu na ruwa ne a tsakar gida tsakanin ɗakin mai rawutar da na ƙaninsa. Tunda rawuta mai layi tana buƙatar zangon farko ya yi kyau, sai a nema mata wuri mai tsawo kusa da tagar da sabis ya fi ƙarfi, a kuma lura kada ta yi nisa da masu amfani da ita. Ba lissafi ba ne mai wuya, gwaji ne: a matsa da ita, a duba, a sake matsawa.

Sai batun "ana sace mana data". Wannan yana faruwa. Kalmar sirrin da kamfani ya saka tana rubuce a takardar da ke liƙe a ƙasan rawutar, duk baƙon da ya juya ta ya ɗauki hoto ya gama. Wayoyin yanzu ma suna iya miƙa waifai daga wannan zuwa wancan da ɗan hoton nan mai murabba'i, ba sai an faɗi kalmar ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne rawuta makulli biyu gare ta. Akwai na shiga waifai, akwai kuma na shiga ofishinta, wato shafin da ke buɗewa idan ka rubuta lambobi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1 a burauza. A rawutoci da yawa makulli na biyun kalmar admin ce kawai, kuma wanda ya shiga nan zai iya sauya komai, har ya kori mai gida. A wannan shafi ne za ka ga jerin wayoyin da ke jone, ka sauya makullan biyu, ka tabbatar tsarin tsaron WPA2 ne ko WPA3, ba tsohon WEP da aka daɗe da gano lagonsa ba.

Amma kafin a fara gaba da maƙwabci, a binciki cikin gida. Wata malamarmu ta sauya kalmar sirri sau uku, data ba ta daina zurarewa ba, har ta fara ɗaure wa matar maƙwabcinta fuska. Da ɗanta ya buɗe jerin, babu baƙuwar waya ko ɗaya. Ashe wayoyin gidan ne. Ita waya da zarar ta ga waifai sai ta ɗauka kyauta ne, ta kama sabunta manhajojinta, ta tura hotuna zuwa ma'ajiyar intanet, WhatsApp kuma ya sauke duk bidiyon da aka jefa a zaurukan dangi. A cikin saitin waifai na waya da na kwamfuta akwai wurin da ake nuna musu cewa wannan data ta awo ce, sai su kama kansu. Tun bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mai albashi. Mu ƙara da cewa bidiyo na iya cin gigabait ɗaya zuwa uku a awa guda, gwargwadon kyan hotonsa, kuma tsarin da ake tallatawa da sunan mara iyaka galibi yana da sharaɗin rage gudu idan an kai wani adadi. A karanta ƙananan rubutun.

Wani ruɗanin kuma na ma'auni ne. Kamfanoni da megabit suke faɗin gudu, fayil kuma da megabait ake auna shi, bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Gudun megabit 20 a daƙiƙa megabait 2.5 ke nan, don haka fayil mai gigabait ɗaya zai ci kusan minti bakwai ko da komai lafiya lau.

Abin da ke kashe rawuta a garin nan kuwa, duk wanda muka tambaya wuta ya fara ambata. Ba ɗaukewar ce matsala ba, dawowar ce, musamman in ta zo da ƙarfi, sai kuma tsawar damina. Mai hankali yakan zare ta daga soket idan an ɗauke wuta ko hadari ya haɗo. Na biyu zafi. Mun ga gidan da aka lulluɓe ta da kyalle mai ado don gudun ƙurar hunturu, aka toshe mata ramukan shan iska, ga zafin Maris da Afrilu yana tafe. Na uku musayar caja: yawancinsu bolt 12 suke ci, cajar laftof kuwa takan kai 19, kuma wani lokaci bakinsu yakan shiga na juna. Ba ta da cin wuta: cajar da aka rubuta wa bolt 12 da amfiya 1 ba za ta wuce wat 12 ba. Shi ya sa wasu ke kunna ta da fawa bank ta hanyar wata waya mai ɗaga bolt 5 zuwa 12, ta yi musu awanni ba tare da an tayar da janareta ba.

Me ke cikin had dis?

Yanzu mu dawo kan namu ciwon. Mai gyaran ya ba Malam wani mataccen had dis a buɗe, ya ce a nuna mana. A ciki akwai faifai mai sheƙi kamar madubi, da wani siririn hannu mai ɗan kai a ƙarshensa. Bayanai da maganaɗisu ake rubuta su a kan faifan. Irin ƙananan da muke yawo da su a jaka yawanci suna juyawa sau 5,400 a minti, wato sau 90 a daƙiƙa ɗaya. Shi kuwa kan da ke karatu da rubutu ba ya taɓa faifan, shawagi yake yi a samansa a kan iska, da tazarar da ba ta wuce 'yan nanomita ba. Kaurin silin gashin mutum ya ninka wannan tazara sau dubbai. To ku auna abin da zai faru idan abu yana cikin wannan gudu ya bugu da siminti. Kan zai daki faifan ya kankare shi, kuma abin da aka kankare ya tafi ke nan. Ƙas-ƙas ɗin da muka ji hannun ne ke neman hanya yana rasawa yana komawa. Mun kuma ƙara wa kanmu ɓarna, domin mun yi ta cirewa muna jonawa muna fatan sa'a, kowane jonawa kuwa ƙarin kankara ne. In naka ya fara wannan kuka, ka zare shi ka bar shi. Kada ka buɗe shi, ƙwayar ƙura ɗaya a wurinsa dutse ce. Kada kuma ka saka shi a firij kamar yadda wani ya ba mu shawara, raɓa ce za ta shige shi.

Don jin daɗin masu son tarihi: had dis na farko kamfanin IBM ne ya fitar a Amurka a 1956. Faifai 50 gare shi, kowanne faɗinsa inci 24, nauyinsa wajen tan guda, kuma abin da yake ɗauka bai kai megabait 5 ba. Hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani ya cika shi. Namu da ya mutu terabait ɗaya ne, yana shiga aljihun riga. Tunda mun ambaci terabait, mu wanke 'yan kasuwa daga wani zargi. Wani ɗan aji huɗu ya ce an cuci yayansa, ya sayi mai terabait ɗaya amma kwamfuta ta nuna gigabait 931. Ba cuta ba ce. Masu ƙerawa da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1,024 take ƙirga, kayan ɗaya ne, mudun ne ya bambanta.

Cutar gaskiya a wajen filash da memori take. Su babu abin da ke motsi a cikinsu, caji suke riƙewa a ƙananan ɗakuna, fasahar da Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan ya ƙirƙiro a shekarun 1980. Haka ma sabon nau'in ma'adanar da ake kira SSD. Faɗuwa ba ta cika yi musu illa ba, amma suna da nasu halin: kowane ɗaki yana da iyakar sau nawa za a rubuta a goge, cajin yana iya zurarewa in an yasar da su shekaru ba a jona ba, kuma in za su mutu ba sa sallama. Ga kuma jabu. Wani malami ya sayi filash a hannun mai talla a cikin cunkoson motoci, an rubuta gigabait 128 a jiki, kuɗinsa bai kai rabin na shago ba. Kwamfuta ma 128 ta nuna. Ya zuba masa takardun darasi da makin ɗalibai na zango guda, sunayen fayil duk suna nan reras, amma da ya zo buɗewa yawancinsu fanko. Yadda ake haɗa wannan ha'inci shi ne a ɗauki ƙaramin filash a sauya masa bayanin da yake ba kwamfuta game da girmansa. Da zarar ainihin cikinsa ya cika, sauran kayan ko dai su bi iska ko su hau kan na farko su shafe su. Araha ba ta ado. Akwai manhaja kyauta mai suna H2testw da ke cika filash da bayanai ta sake karantawa, ta faɗi girmansa na gaskiya. A gwada sabon filash da ita tun kafin a ba shi amana, kuma a saya inda za a iya mayarwa.

Akwai kuma ciwon da kusan duk wanda ya taɓa kai filash shagon buga takardu ya sani. Ka dawo gida ka jona, sai ka ga foldodinka sun rikiɗe sun zama gumaka masu 'yar kibiya a gefe. Mutane da yawa a nan suke yanke ƙauna su yi fomat. Kada a yi gaggawa. Wannan bairos ɗin galibi ɓoye fayiloli yake yi, ba ya goge su. Kada a danna gumakan, dannawar ce ke shigar da cutar cikin kwamfuta. A wanke filash ɗin da manhajar kashe bairos, a umarci kwamfuta ta nuna ɓoyayyun fayiloli, sau da yawa za a tarar da kaya suna nan. Mafi sauƙi ma, a ware filash ɗaya na zuwa shago wanda ba a ajiye komai mai muhimmanci a kai. Batun fizge filash ba tare da an sallame shi daga kwamfuta ba kuwa, kowa ya san haramun ne kuma kowa yana yi. Kwamfuta takan nuna ta gama kwafa alhali akwai saura a hanya.

Laifinmu na gaskiya

Duk wannan bayani ba shi ne ya jawo mana asara ba. Had dis dole wata rana ya mutu, ko ya faɗi ko bai faɗi ba. Laifinmu shi ne mun ɗauka cewa abin da muka zuba a had dis mun adana shi, alhali ƙaura kawai muka yi masa. Duk lokacin da waya ko kyamara ta cika, sai mu kwashe hotunan zuwa had dis mu goge na asali don samun wuri. Ke nan kwafi ɗaya tak muke da shi, a cikin abu mafi yawo da saurin lalacewa a duk kayan ƙungiya. Da muka zagaya sai muka ga ba mu kaɗai ba ne. Wata uwa a Nasarawa ta rasa hotunan auren 'yarta da memorin waya. Wani ɗalibin jami'a a Sabon Tasha an fizge masa jaka a tasha, laftof da filash ɗin da ya kwafi kundin bincikensa duk suna cikin jakar. Kwafi biyu gare shi, amma a wuri ɗaya.

Masana suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa: kwafi uku na duk abin da ba ka son rasawa, a kan nau'in ma'adana biyu daban-daban, ɗaya kuma a wani wuri dabam da inda kake. Wannan na ƙarshen shi ne maganin ɓarawo da gobara da ambaliya, kuma masu zama kusa da kogin Kaduna ba sai an yi musu bayanin ambaliya ba. Kada a ce ƙa'idar ta masu kuɗi ce. Kowane asusun Google yana zuwa da gigabait 15 kyauta. Ba zai ɗauki finafinai ba, amma zai ɗauki hoton takardar haihuwa, sakamakon jarrabawa, takardar JAMB, da rubutun shekaru masu yawa. Fim ana iya sake saukewa. Hirar da muka yi da malamin da ya koma garinsu ba za a sake ta ba.

Manya ma sun taɓa faɗawa wannan rami. A 1998, lokacin da kamfanin Pixar ke haɗa fim ɗin Toy Story 2, wani umarni da aka ba kwamfuta bisa kuskure ya goge mafi yawan aikin. Da suka koma ga ma'ajiyarsu ta ko-ta-kwana sai suka tarar ta daɗe ba ta aiki daidai, ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, da ta haihu tana aiki daga gida, akwai kwafi a kwamfutarta. Abin lura a labarin shi ne ajiyar da ba a leƙawa ba a san ko tana nan ba.

Wani ɗan ƙungiya ya kawo shawarar cewa in mun sami sabon had dis mu jona shi a kafar USB da ke bayan rawutar ofishin malamai, kowa ya riƙa zuba kaya ta waifai, ba sai ana yawo da shi ba balle ya faɗi. Rawutoci da yawa suna iya wannan, kuma dabarar ta burge mu. Da muka yi bincike sai muka ja baya. Duk wanda ke da kalmar waifai zai iya kaiwa ga kayan in ba a saita da kyau ba, ɗaukewar wuta ana cikin rubutu na iya lalata fayil, kuma abin da ke jone da intanet dare da rana ƙofa ce a buɗe. A watan Yunin 2021 masu amfani da ma'adanar My Book Live ta kamfanin Western Digital a ƙasashe daban-daban suka wayi gari an share musu komai daga nesa, ta wata ɓaraka a na'urar da aka daina sabunta manhajarta tun 2015. Ra'ayinmu shi ne wannan hanya ta dace da kayan da ake rabawa, kamar tsofaffin tambayoyin jarrabawa, amma ba ta zama ajiya ba.

Ga inda muka tsaya yanzu. Shugabar makaranta ta amince a saya wa ƙungiya had dis biyu. Ɗaya zai zauna a ofishinta, ba zai fito ba sai ranar Juma'a don a zuba masa aikin mako. Ɗayan yana hannun uban ƙungiya, yana kwana a gidansa. Rubuce-rubuce da zaɓaɓɓun hotuna za su hau asusun intanet na ƙungiya. Ba za a goge komai daga waya ko kyamara ba sai sakatare ya buɗe shi a wuri biyu ya gani da idonsa. Kuma daga yau a kan tebur ake aiki da had dis, a tsakiya, ba a bakin benci ba.

Akwai ɗan labari mai daɗi. Idan aka goge fayil, na'ura sunansa kawai take cirewa daga jeri, shi yana nan har sai an rubuta wani abu a kansa. Malam ya bi memorin kyamara da wata manhaja kyauta mai suna PhotoRec, ya tsamo wani ɓangare na hotunan gasar wasannin bana, su ne kuke gani a gefen dama na allon nan, har da na gidan editanmu a matsayinsu na ƙarshe. Na shekarun baya kuwa an riga an rubuta a kansu.

Don haka muna roƙon duk ɗalibi ko malamin da ke da hoto ko bidiyo na bikin yaye ɗalibai, ranar al'adu, ko muhawarar da aka yi cikin shekara ukun nan, ya taimaka ya kawo mana ranar Laraba bayan tashi, a ɗakin karatu. 'Yan aji shida da suka ba mu ajiyar tambayoyi, ku yi haƙuri, ku tambayi abokanku ko akwai wanda ya kwafa. Wanda zai zo da filash ya sani sai mun wanke shi kafin mu jona.